Daga ina ake fara neman gurbin digiri na biyu?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin farko, kana son na biyu, amma ka rasa ta inda za ka fara, kuma sakamakonka bai kai yadda ka so ba.

Fara zaɓen kwas kafin sunan jami'a. Shiga shafin sashen da kanka ka karanta sharuɗɗansu, domin kowane sashe da nasa. Idan digirin na bincike ne, nemi malamin da aikinsa ya dace da abin da kake so, ka karanta ko da maƙalarsa ɗaya kafin ka rubuta masa. Wasiƙar da aka rarraba wa malamai iri ɗaya, daga layin farko ake gane ta.

Abin da ya fi jan lokaci shi ne takardar cikakken sakamako daga tsohuwar jami'arka, don haka nema tun yanzu. Masu rubuta maka wasiƙar shaida kuma ka ba su aƙalla wata guda. A ganina, wanda ya duba aikin bincikenka ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba.

Sakamakon IELTS da TOEFL (jarrabawar gwada iya Turanci) shekara 2 yake aiki, na GRE (jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko) shekara 5. Kada ka biya kuɗin jarrabawa sai ka tabbatar ana buƙata. Jami'o'in Amurka da yawa suna rufe karɓa a Disamba ko Janairu.

Game da raunin sakamako, nuna abin da ka yi bayan kammalawa a takardar bayanin manufarka, wato wadda za ka rubuta wa jami'ar dalilinka na neman kwas ɗin. Wasu jami'o'in suna karɓar difloma ta gaba da digiri a matsayin tsani. Tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai kai tsaye, ka guji dillalan da ke alkawarin gurbi.