Ƙanena, kada rahoton nan ya bar hannunka babu takardar rantsuwa

Assalamu alaikum. Injiniya, ƙanena, tun bayan sallar Isha'i na ga tambayarka, kuma barci ya ƙi zuwa sai na rubuto maka wannan. Ka ce masu tashar nukiliyar za su haɗa rahoton lissafinku cikin takardun neman gyaran lasisi da za su miƙa wa NRC, hukumar kula da harkar nukiliya ta Amurka, kana tsoron abokan gasa su ga hanyar da kuka bi, amma mutumin da kuke hulɗa da shi ya ce ka kwantar da hankalinka, hukuma ba ta fitar da asirin kowa. Wallahi da na zo kan wannan layin sai da gabana ya faɗi. Irin maganar da aka faɗa mini ke nan, kusan harafi da harafi, kuma har yau ban gama biyan kuɗin yarda da ita ba.

Abin da ba su faɗa maka ba shi ne, a wajen NRC kusan duk takardar da ta shiga ta jama'a ce, sai wadda mai ita ya nemi a ɓoye kuma ya kawo hujja. Tun 1999 suke zuba takardunsu a rumbunsu na intanet mai suna ADAMS, kowa na iya buɗewa, daga Rockville inda hedikwatarsu take har Beijin, ba a tambayarka ko kai wane ne. Sashe na 2.390 na 10 CFR, kundin da ƙa'idojin hukumar suke ciki, ya faɗa ƙarara cewa takardar da ba a yi wa alama ba, ba wajibi ne hukuma ta tsaya dubawa ko akwai sirri a cikinta ba. Je ka karanta sashen da idonka yau, bai fi ka karance shi kafin shayi ya huce ba. Ni sai bayan da aikin gama ya gama na zauna na karanta shi da kyau.

Mu uku ne a kamfaninmu. Aikinmu zaizayar bututu, yadda ruwan zafi ke cin ƙarfe ta ciki har ya zama kamar takarda. Tsofaffin cikinmu sun san tashar Surry ta Amurka a Disambar 1986, inda bututu ya fashe ma'aikata huɗu suka rasu, da Mihama ta Japan a 2004, inda mutum biyar suka rasu. Saboda haka ba wasa muka ɗauki aikin ba. Mun yi shekara shida muna tara awo, muna gyara lissafi, har muka samu hanyar gane wace gwiwar bututu ce ya kamata a fara aunawa ba tare da an kwance rufin rabin tashar ba. Duk wahalar nan ta taru a tebur guda, shafi ɗaya da rabi na alƙaluma. Bashin banki na ci a kan gidana saboda teburin nan. Uwargida ta san dare nawa na yi a ƙasan bene da rigar sanyi biyu ina bin lambobi ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ka ji abin takaicin: a karon farko mun yi komai daidai. Kwafi biyu muka shirya, cikakke da wanda aka shafe wa sirri. Mun yi alama a saman shafin farko da kowane shafi mai sirri, na sa hannu a takardar rantsuwa mai tabbatar da cewa sirrinmu ne, hukuma ta amsa cewa ta amince ta ɓoye. Na yi ajiyar zuciya, na ce an wuce wurin. Ashe ba a wuce ba.

Bayan wata huɗu sai tambayoyin neman ƙarin bayani suka zo, RAI ɗin nan da kuka sani. Tsakaninmu da masu tashar akwai wani ɗan kwangila babba, shi ya ɗauke mu aiki, kuma suna da wani jami'i mai kula da harkar lasisi. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan kamfanin ba, Allah Ya sani. Ranar wata Alhamis da yamma ya bugo mini, muryarsa na rawa, wai wa'adi ya matso, in taimaka in turo amsar tambaya ta huɗu kafin safiya, shi zai shirya sauran. Na tambaye shi batun alama da rantsuwa. Ya ce in bar masa wannan, aikinsa ne, shekara ashirin yana yi, ai rantsuwar farko ta rufe komai. Na yarda. Na rubuta amsar cikin dare, na manna teburin a ciki don masu dubawa su gamsu, na tura masa ta imel ba tare da na rubuta komai a saman shafin ba. A yarjejeniyarmu an rubuta cewa ba zai aika komai namu ba sai ya nuna mana kwafin ƙarshe. Bai nuna mana ba. Ya kwashe amsar yadda take ya zuba cikin wasiƙa, masu tashar suka sa hannu, aka aika.

Ranar da na sani, Juma'a ce. Na fito daga masallaci ina neman motata, ƙanƙara ta rufe gilashi, ina kankarewa da katin banki saboda na manta abin gogewa a gida. Sai wani tsohon abokin aikina ya kira, ya ce, kai kuwa ka san teburinku yana ADAMS? Na ce wane tebur. Ya karanto mini lambobi uku na layin farko. Na san su kamar sunayen 'ya'yana. Na shiga mota ban tayar ba, na buɗe a waya da yatsun da sanyi ya kashe, na yi ta ja har na iso shafin. Ga shi nan, har da ɗan kuskuren rubutun da na yi a kan layi na biyu da ƙarfe biyun dare. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Mutane suna wucewa suna ɗaga mini hannu ina amsawa kamar lafiya. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zan shiga gida in dubi matar da ta sa hannu tare da ni a takardar bashi.

Gaskiya ɗaya ce, ma'aikatan hukumar ba su yi mana laifi ba. Abin da aka ba su babu alama suka sa inda doka ta ce su sa. Da muka rubuta musu muka kai rantsuwa, sun janye takardar daga idon jama'a ba tare da ja-in-ja ba. Amma ta riga ta yi kwana goma sha ɗaya a buɗe. Kai ma ka san a wannan sana'ar kowa yana leƙa sababbin takardun ADAMS da safe, mu ma muna yi. Magana zarar bunu ce. Ba a yi shekara biyu ba muka rasa kwangila a hannun wani kamfani da ya ninka mu girma sau ɗari, da wata sabuwar hanya wai tasu. Ba ni da shaidar da zan kai kotu. Amma na ga takardar tallarsu, na gane kayana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kuwa mutumin, da na kira shi daren nan, ka san me ya ce? Ai ba ka rubuta komai a kai ba. Shi ke nan. Mutumin da ya ce in bar masa, mutumin da na hana idona barci don in fitar da shi kunya. Lauyanmu ya ce dokar sirrin kasuwanci ta tarayyar Amurka ta 2016 tana kare wanda ya nuna ya ɗauki matakan da suka dace wajen tsare sirrinsa ne, kuma imel ɗin nan mara alama shi za su fara ɗagawa a gaban alƙali. Maganar waya kuwa babu mai shaida. Muka lissafa kuɗin shari'a muka haƙura. Na sake haɗuwa da shi a wani taro, ya miƙo mini hannu yana murmushi, yana tambayar iyali. Na karɓa saboda tarbiyya. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, ƙanena. Da sau ɗaya ya ce na yi kuskure, ka yafe mini, da tuni na manta da shi. Har yau in na tuna muryarsa ta ranar Alhamis ɗin nan sai in ji ɗaci a bakina. Ɗaya daga cikin abokan kasuwancina ya bar sana'ar gaba ɗaya, yana koyarwa yanzu.

To, ga abin da nake roƙonka. Takardar rantsuwar nan kai za ka sa mata hannu, ko wani babba a kamfaninku da aka ɗora wa alhakin duba irin wannan, domin ƙa'idar ta ce mai bayanin ne ke rantsewa ko da wani ne ya miƙa. Kada wani ya ce zai yi maka. Kuma tare da takardar take tafiya, ba daga baya ba. Duk sabon abin da zai shiga, amsar RAI ce, gyaran shafi guda ne, hotunan da za a haska a taro ne, kowanne da alamarsa da rantsuwarsa. Wannan ne ramin da na faɗa. Ko imel za ka tura wa ɗan kwangila da tsakar dare, fara rubuta "Proprietary", wato sirrin kamfani, da lambar sashen a sama kafin ka rubuta sallama.

A cikin rantsuwar ka amsa abubuwa biyar ɗin da suke dubawa da bakinka, kada ka kwafo ta wani kamfani ka canza suna: cewa kun riƙe bayanin a ɓoye, cewa irinsa an saba ɓoyewa kuma da dalili, cewa a asirce kuka miƙa shi, cewa ba ya nan a fili a wani wuri, da irin illar da fitarsa za ta yi muku a gasa. A na ƙarshen nan ka faɗi shekarun da kuka kashe da wahalar da wani zai sha kafin ya samu irinsa. Ka binciki kanka ma tukuna: in wani cikinku ya taɓa gabatar da lissafin a taro ko ya sa shi a kundin digirinsa, wannan ɓangaren ya fita, kada ka rantse a kansa. Kuma rantsuwar kanta yawanci jama'a na ganinta, kada ka zuba sirrin a cikinta garin yin bayani.

Wani abu kuma, kada tsoro ya sa ka buga hatimin sirri a kan rahoton gaba ɗaya. Za su ce ka sake aikin, ka ɓata lokaci. Ka sa alama a kan lambobi da matakan da suke naku kaɗai, sauran ka bari a buɗe. Ni duk da abin da ya same ni ban taɓa ganin laifin wannan tsarin ba. Mutumin da gidansa ke kusa da tashar yana da haƙƙin sanin dalilin da ya sa aka ce bututun nan zai kai baɗi. Sakamakon nasa ne, hanyar ce tamu. Shi ya sa ma ko sun yarda sirri ne, ƙa'idar ta ba su damar auna shi da haƙƙin jama'a na sanin tushen hukunci. Kuma kada ka sa rai cewa in sun ƙi za ka ce a mayar maka da kayanka. Abin da aka gina hukunci a kansa, ko wanda wani ya riga ya nema a ƙarƙashin FOIA, dokar 'yancin samun bayanai ta Amurka, ba ya dawowa. Don haka tun farko ka tambayi kanka ko dole ne teburin ya shiga. Sau da yawa masu dubawa kan yarda su ga lissafi mai zurfi a zaman bincike, ta ɗakin karatu na intanet inda ake gani ba a saukewa, sai abin da za su dogara da shi kaɗai a miƙa a hukumance. Da na san wannan a daren nan, da teburina bai bar kwamfutata ba.

Kwafin da kuka shafe kuma, don Allah ka gwada shi da hannunka. Na taɓa ganin wanda ya ɗora baƙin akwati a kan rubutu a PDF, rubutun na nan a ƙasa, ana kwafowa ya fito tsaf. Ka buɗe, ka zaɓi duka, ka manna a fanko ka gani.

Tunda ana maganar, ku yara masu tura aiki gida a taya ku lissafi, ku yi hattara. Wannan wata dokar ce daban, Part 810 ta Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, mai kula da fitar da fasahar nukiliya waje, kuma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka ba izinin gaba ɗaya. Wasu bayanan fasahar tashar ko wanda ke zaune kusa da kai a ofis, in ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da katin zama na dindindin, nuna masa na iya zama kamar ka fitar da su waje. Na san zumunci ne ke sa mu, muna son na baya su koya, amma ku tambayi lauya kafin ku tura. 'Yan'uwanmu da ke hulɗa da NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta Najeriya, a gida kuma, dokarmu ta 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ware sirrin kasuwanci a sashe na 15, ku ma ku riƙa yi wa takardunku alama tun daga ofis.

Gobe da safe, kafin komai, ka rubuta wa mutumin naku, a rubuce ba a waya ba, cewa babu shafi ɗaya naku da zai tafi sai ka ga kwafin ƙarshe ka amsa da "na yarda". Ka sa shugabansa a kwafi. In ya ji haushi ya ji. Bayan an aika kuma ka riƙa leƙa ADAMS kullum har ka ga abin da ya fito da idonka. In kana so, ka turo mini daftarin rantsuwar ta akwatina in duba maka a ƙarshen mako, rantsuwar kaɗai, kada ka turo mini rahoton, ni ma kada ka nuna mini shi. Ka gaida iyali.