Sikanin ya nuna jinsin jariri, to ina batun gaibu?

TAMBAYA, daga wata mai karatu a Agege, Legas: Assalamu alaikum. Ina da juna biyu, an yi mini sikanin a asibiti an ce mace ce. Surukata ta ce wannan shisshigi ne, domin Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin mahaifa. Ga shi kuma wayata kan nuna za a yi ruwa gobe, kuma a yi ɗin. Shin kimiyya ta ci karo da Alƙur'ani ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya raba lafiya. Ayar da surukarki take nufi ita ce ta 34 a Suratu Luƙman, inda aka ambaci abubuwa biyar: lokacin tashin Alƙiyama, saukar da ruwa, abin da ke cikin mahaifa, abin da rai zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu. Gaskiya ta faɗa, sai dai sikanin bai taɓa ayar ba.

Na'urar tana tura sautin da kunne ba ya ji, ya bugi jikin jariri ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Kafin wata uku al'aurar namiji da ta mace kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa likitoci suka fi amincewa da dubawar mako na 18 zuwa 22. Ko a lokacin akan yi kuskure. Jariri kan haɗe ƙafafu ko ya juya baya, igiyar cibiya kan faɗo tsakanin cinyoyi a zaci namiji ne, ƙarancin ruwan mahaifa ko tsohuwar na'ura kan dusar da hoton. Ke nan abin da aka riga aka halitta take gani, shi ma ba kullum daidai ba.

Ibn Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan hijira, ya yi bayani a tafsirinsa cewa da zarar Allah Ya yi umarni da zaman ɗa namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta sun sani, da wanda Ya so daga halittarSa. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim kuwa ya kawo abin da mala'ika yake rubutawa: arziki, ajali, aiki, da ko mai rabo ne ko marar rabo. Babu na'urar da ke karanta waɗannan. Ki ci gaba da zuwa awo, domin babban amfanin sikanin shi ne a ga inda mabiyiya ta kwanta da yadda gaɓoɓin jariri suke girma.

Hasashen ruwa kuma lissafi ne. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da ire-irenta suna auna zafi, danshi da matsin iska, kwamfuta ta lissafa inda abin ya dosa. Tun shekarun 1960 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure a awon farko yana ta ninkawa, har hasashen rana-rana ya lalace bayan kamar mako biyu. Ke ma shaida ce, a watan Yuni sai a sheƙa ruwa a Ikorodu, Apapa kuwa rana tsaka.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin kimiyya a Idi-Araba: An koyar da mu cewa shekarun sararin samaniya biliyan 13.8 ne. Idan hankali ya kai nan, me zai hana ya gano yadda Allah Yake?

AMSA: Ɗan'uwa, bari mu fara da inda awon ya tsaya. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Na rana yana iso mu a minti 8 da 'yan daƙiƙu, na tauraro mafi kusa bayanta kuwa sai ya shekara huɗu da ɗoriya. Don haka duk mai kallon nesa, abin da ya wuce yake kallo. Haske mafi tsufa da aka kama shi ne wanda masana kimiyya Penzias da Wilson suka sanar a 1965, ya fito ne shekara kusan 380,000 bayan farawar sararin samaniya. Kafin nan sararin ya cushe da zafi, haske ba ya ratsa shi, ko madubin hangen nesa na James Webb da aka harba sama a 2021 ba zai hango bayan wannan katanga ba. Idan aka bi lissafi zuwa ainihin lokacin farawa, ƙa'idar Einstein, wadda ake yin lissafin da ita, da kanta takan daina ba da amsa mai ma'ana.

Na kusa ma bai gama fitowa ba. Duk abin da aka san sinadarinsa, daga taurari zuwa jikinka, kusan kashi 5 ne cikin 100 na abin da ke cikin sararin. Kimanin kashi 27 wani abu ne da ba a gani, sai dai a gane shi ta yadda yake jan taurari, sauran 68 kuma wani ƙarfi ne da ke ƙara saurin faɗaɗar sararin. An ba su suna, ba a san mene ne su ba. Saurin faɗaɗar ma, hanya ɗaya ta awo tana ba da kusan 67, ɗayar kusan 73, har yau ba a sasanta su ba.

Amma a kula sosai: kada ka ce Allah Yana cikin wancan kashi 95 ɗin. Wannan jahilci ne da gobe wata na'ura za ta iya yayewa, wanda kuwa ya jingina imaninsa a kansa zai girgiza ranar. Batun zatin Allah daban ne. Awo yana aiki ne ta kwatanta abu da irinsa, ana auna tsawo da tsawo, nauyi da nauyi, ita kuwa aya ta 11 a Suratush Shura ta ce babu wani abu da ya yi kama da Shi. Da aka tambayi Imam Malik yadda Allah Ya daidaita bisa Al'arshi, sai ya ce daidaitar sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, imani da ita wajibi ne. Binciken halitta kuwa ƙofarsa a buɗe take, ayoyi na 190 da 191 na Ali Imrana ma yabon masu yin sa suka yi. Idan ka koma aji, ka nemi malaminka ya nuna maka yadda aka samo 67 da 73 ɗin nan, da inda kowace hanya za ta iya yin kuskure.