Kakata ta ce ni gawo ce, yabo ne ko zagi?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni baƙa ce, ƙanwata kuma fara, duk inda muka shiga ita ake kallo, ƙawayena sun dame ni wai in fara shafa man bilicin. Da na kai kuka wajen kakarmu sai kawai ta ce "ke ai gawo ce, ki bar masu tumfafiya su yi ta fure." Wallahi ban gane ba, abin ma haushi ya ba ni. Daga wata ɗiyarki a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Yabo ne, kuma babba, Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya.

Ki bi hanyar Zango ko Mai'aduwa da damina ki duba gonaki, ko'ina kore shar amma gawo na tsaye tsirara ba ganye sai ƙaya kamar ya mutu. Shi ya sa manomi ke son shi, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, kina gani geron gindinsa ya fi na gefe tsawo da kauri. Sai rani ya shigo, iska ta fara busar da komai, sannan zai fito da ganye ya yi inuwa ya zubo 'ya'yan nan naɗaɗɗu da awaki da tumaki ke rububi a kai. Kakarki halinki ta gani, tana nufin ranar da gida ya shiga wani hali ke za a nema.

Ita ko tumfafiya ga fure mai kyau fari da ruwan shunayya, ga 'ya'ya bul-bul kamar an cika su da abin kirki, kina matsawa sai iska da ɗan audugar iri, nononta kuma in ya shiga ido sai an yi da gaske.

Amma fa kar ki ɗauki maganar nan ki je ki jefi ƙanwarki da ita, farinta Allah ya ba ta kuma ba shi ke nuna cikinta wofi ne ba, ni raina ba ya so in ji ana cewa duk kyakkyawa ba ta da hali, ƙarya ce. A hadisin Abu Musal Ash'ari da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya kwatanta mumini mai karatun Alƙur'ani da utrujja, wani irin lemo ne, ga ƙamshi ga daɗi, mumini da ba ya karatu kuma kamar dabino, ba ƙamshi amma akwai zaƙi. Kin ga wanda aka sa a gaba shi ne wanda ya haɗa ciki da waje. Don haka ki yi wankanki ki shafa man kaɗanya, ki sa kwalli, ki ƙunsa lalle, baƙar fata in ta samu kula har sheƙi take, ki dinga sakin fuska kuma don labarin zuciya a tambayi fuska.

Batun man bilicin kuwa ina roƙonki ki rufa wa kanki asiri. Da yawansu akwai sinadarin makiri, wato zaiba, mai lalata ƙoda, wasu kuma irin maganin da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, ciwo ya ƙi warkewa, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin fuska ta yi ja kamar an ƙona. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kai. In ma kin riga kin fara a ɓoye kar ki ƙara sayen wani wai don ki gyara, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ki nemi ganin likitan fata, ki tafi da kwalbar a jaka ya ga abin da ke ciki.