Ga ƙanenmu da aka sa a bayan saniya

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka, cewa makarantarku na shirin fanton Kirsimeti, wato wasan kwaikwayon barkwanci da ake yi wa yara da iyayensu a Ingila, an jefa ka bayan saniya, kai ne ƙafafun baya a fatar saniyar da mutum biyu ke shiga, darakta ba ya gajiya da yi maka tsawa, har kana tunanin janyewa kafin a buɗe wasa. Wallahi sai da ƙuguna ya amsa. Ni ma haka aka yi min a shekarata ta biyu, a labarin yaron nan da ya sayar da saniyar uwarsa aka biya shi da ƙwayar wake. Don Allah kada ka janye tukuna.

Abin da ba wanda ya gaya min a lokacin shi ne, fanto a ɗakin rihazal, wato inda ake gwajin wasa, ba shi da rai, kuma ba laifinka ba ne. Rabin wasan yana bakin 'yan kallo. Mugu zai shigo ta hagun dandamali kamar yadda al'adarsu ta tanada, ya tsaya yana jiran a yi masa ihu, ba kowa sai mai kula da dandamali tana duba takardunta tana cewa "buu" a gajiye. A zo wurin da fatalwa ke laɓe bayan benci, inda yara za su tsage maƙogwaro suna "yana bayanka!", sai ka ji shiru, ƙarar hita kawai. Barkwancin da aka maimaita tun safe wa zai yi masa dariya da yamma? Shi kansa daraktan lalube yake yi a duhu, in kuma aka yi rashin sa'a ba shi da hali, sai ya huce a kan wanda ba shi da baki a wasan. Wato kai.

Namu daga waje aka ɗauko shi, wai ya daɗe yana harkar. Mutumin nan har aka gama bai riƙe sunana ba, "bayan saniya" yake kirana, ko a wurin shan shayi. Ranar da aka haɗa fitilu da sauti, tun hantsi muke cikin fatar nan. Ka san yadda take, soso ne da gashin roba, ga warin zufar waɗanda suka sa ta bara. Ina duƙe, kaina a bayan abokin tafiyata, ba abin da nake gani sai takalmansa. An gama wasan watsa kumfa ba a goge ƙasa da kyau ba, muka shigo da rawa, santsi ya kwashe ni, na ja na gaba muka zube tare, gwiwata ta daki bakin matakala. Ban ma tashi ba na ji muryarsa a lasifika, kowa na ji, har masu ɗinki: wai ashe dai gaskiya ne ba a ajiye ƙwaƙwalwa a wannan ɓangaren na saniya. Aka fashe da dariya. Bai tambayi ƙafata ba. Ya ce a sake daga farko. Na sake, hawaye na zuba a cikin fata, ba mai gani. Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne, daga baya ne wata 'yar ajinmu ta tsegunta min cewa ya ce bai ba ni magana ba ne don yara ba za su gane harshena ba. Bai taɓa sa ni na karanta ko layi ɗaya a gabansa ba fa! Har yau in na tuna sai na ji abinci ya fita raina. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

To ka ga irin wannan maganar, rubuta ta a ranar, da lokacin da aka faɗe ta da waɗanda ke wurin, ka kai wa malamin da ke kula da kai a sashe. Tsawa a kan aiki daban, cin mutunci daban. Ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ma tana karɓar ɗalibai, ka shiga.

Shi kuma na gabanka, ka mai da shi ɗan'uwa ko da ba ya burge ka, domin shi ne idonka. Mu mun yi yarjejeniya: in na matsa ƙugunsa ta dama zan juya, in ya buga ƙafa sau biyu akwai matakala. Ku riƙa ƙirga taku da baki a hankali, ku yi ta yi ba fata har ƙafafunku su saba. Sayi abin ɗaure gwiwa irin na 'yan ƙwallon raga. Ruwa a kowane gefen dandamali. Kada ka cika ciki kafin ka duƙa, shi ma na gaban ka roƙe shi ya tausaya maka, ka gane abin da nake nufi.

Sai sallah. A Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu a Landan, ranar da ake wasa biyu kuwa azahar da la'asar da magariba duk sukan cunkushe a kusa da wasan rana. Kada ka je wa darakta da wannan, je wa mai kula da dandamali, ita ce ta san minti nawa saniya ke hutawa tsakanin fitowa da fitowa. Tawa ta ware min lungu bayan kayan ado, Allah ya saka mata.

Na ga wani a sharhin da ke ƙasan tambayarka yana cewa gara ma kai da ba a sa ka fitowa a tsohuwar nan da namiji ke shigar mata ba. Wannan kowa da ra'ayinsa, wanda ba zai iya ba ya faɗa tun ranar rabon matsayi. Amma mu daina yi kamar ba mu taɓa gani ba, wa bai kalli tashen Mairama da Daudu da azumi ba, inda yarinya ke shigar maza? Su Turawan Ingila a wurinsu fitowa a tsohuwar nan matsayin girma ne. Shahararren ɗan barkwanci Dan Leno ya yi fanto a gidan wasa na Drury Lane daga 1888 har 1904, ɗan wasa Ian McKellen da duk sunansa ya ɗaura zani a gidan wasa na Old Vic a 2004.

Daren farko da aka cika zauren da 'yan firamare, muna leƙo kai wuri ya kaure. Da aka zo sayar da mu, na saki ƙafafun baya suna karkarwa, abin da mutumin nan ya hana ni a rihazal, sai ga wata yarinya ta miƙe tana kuka tana cewa kada a sayar. Ya ce min wani abu bayan an tashi? Ko kallo. Amma washegari bai ce a cire ba.

Kuma in ka ga sun ƙi furta baiti biyun ƙarshe na wasan a rihazal, camfinsu ne, sai daren buɗewa ake faɗa, kada ka yi musu gyara. Turo min ranar da za ku fara da garin da kuke, in tikitin jirgin ƙasa bai yi tsada ba zan zo. Wa aka sa maka a gaba, dogo ne ko gajere? In gajere ne ka nemi man zafi tun yanzu.