Ɗana yana kwalba, ga ƙuraje sun feso masa a gindi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Nas. Na haifi bakwaini a wata na bakwai, yanzu yana kwalba a sashen jarirai. Da na je ba shi nono sai na ga duwawunsa sun yi jawur, fatar har ta fara saɓewa. Surukata ta ce sakacin ma'aikata ne, in kawo hoda da man shafawa daga gida. Me ya jawo haka, kuma me zan yi? Daga wata mai jego a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, barka da sauka, Allah ya raya mana.

Kada ki yi saurin ɗora wa ma'aikata laifi. Jaririn da aka haifa kafin mako 34 fatarsa ba ta gama ƙwari ba, siririya ce har jijiyoyi ake gani. Idan fitsari da kashi suka haɗu a cikin famfas, ga ɗumin kwalba, nan da nan suke cinye ta.

Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, sau da yawa maganin da ke ceton ran yaron shi ke jawo ƙurajen. Allurar kashe ƙwayoyin cuta tana kashe har da masu amfani na cikin hanji, sai kashi ya tsinke, naman gwari na kandida ya samu wurin yaɗuwa. Shuɗiyar fitilar da ake haska wa mai shawara ita ma tana sa zawo. Sannan yaran da ke shan madarar gwangwani sun fi kamuwa, domin kashinsu ya fi na mai shan nono cin fata. Shi ya sa nake matsa wa iyaye su riƙa tatsa ko da yaro ta robar hanci ake ba shi. Kuma bakwaini ba a son yawan taɓa shi, akan haɗa hidimarsa duk bayan awa 3 ko makamancin haka, wani lokaci kashi kan riga mu.

Ki nuna wa sistar da ke aiki wurin, ki roƙi a ƙara yawan sauya famfas. Ana wankewa da auduga da ruwan ɗumi, a dangwala kawai ban da gogewa, a bari ya sha iska, sannan a shafa man zinc oxide ko basilin da kauri. Idan jan ya shiga har cikin matsematsi da ƙananan ɗigo a gefe, ko kika ga fari a harshensa, kandida ce, likita zai rubuta nystatin, maganin kashe naman gwarin.

Hoda kuwa ki ba Hajiya haƙuri. Ƙurarta na shiga huhun jariri. Mayukan kemis masu haɗi uku su ma suna da haɗari, akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitirod a ciki, fatar bakwaini kuma zuƙe shi take yi har cikin jini. Komai kika kawo daga gida, a nuna wa likita tukuna.