Me Ya Sa Farfelar Mota Take Da Rami A Ciki?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa farfelar mota, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyi, bututu ce ba curarren ƙarfe ba, kuma ko zafi na iya lalata sandar da ke juyawa.

Idan inji ya murɗa sanda, ba ko'ina ne ke shan wahala daidai ba. Tsakiyarta kusan hutawa take yi, bayanta ne ke ɗaukar nauyin murɗar. Shi ya sa idan ka huda ramin da faɗinsa ya kai rabin kaurin sandar, za ka rage kashi 25 cikin 100 na nauyinta, amma ƙarfin jure murɗa da za ka rasa kusan kashi 6 ne kacal. Wannan ciniki ai da riba! Kauri kuwa shi ne sarki: ka ninka shi biyu, ƙarfin ya ninku sau 8, karkacewar kuma ta ragu sau 16. Ka samu alli ka murɗa, za ka ga ya karye a karkace, wajen digiri 45. Haka ƙarfe mai gautsi yake yi.

Batun zafi daban ne. Ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya a ma'aunin Celsius. Idan yana da wurin miƙewa, ba komai. Amma ka danne shi ta gefe biyu, zafi ya hau da digiri 30, matsin cikinsa zai kai megafaskal 72 (megafaskal ma'aunin matsi ne), ko dogo ne ko gajere. Don haka a injina ake ɗaure ɗaya daga cikin boris biyun da ke riƙe sandar, a bar ɗayan ya ɗan zame. Don Allah kada ka ɗaure duka biyun tamau.