Kafin ka biya kuɗin injin sassaƙa ƙarfe na hannu

Tambaya: Malam, ina walda a Agege, ina so in fara sassaƙa bushin da sandunan ƙarfe da kaina. An nuna mini tsohon injin ƙirar Colchester ta Ingila a kasuwar Owode Onirin da ke Legas, ya sha sabon fenti, amma mai shi ya ce ba wutar gwadawa. In saya?

Amsa: Ƙanena, kada ka ba da ko sisi sai ka ga injin nan yana yanka ƙarfe da idonka. In ba wuta, a yi hayar janareta, ko ka biya rabin kuɗin man. Fenti ba ya yanka komai.

Abin da ya fi damuna shi ne gadon injin, wato doron da keken wuƙa ke tafiya a kai. Motar da ke juya injin ana sakewa, boris ma ana nema, amma gado in ya cinye, gyaransa zai iya fin kuɗin injin. Kusa da bakin da ke riƙe ƙarfe yake cinyewa, don nan aiki ya fi yawa. Kawo keken wurin, ka ɗan ɗaure makullinsa, sannan ka murza shi zuwa wutsiya. In ya fara sakwa-sakwa, can gaba ya cije, ka san an ci gadon. Sa farce kuma ka bi doron. In ya maƙale a wani tudu, shi ke nan. Daga nan a ɗaura sanda mai kauri, a yi yanka ɗaya, ka auna kai da gindin sandar da maikuromita, wato ma'aunin kauri. Tafi da tsohon hannu a sana'ar, kunnensa zai ji kukan giyar da kai ba za ka ji ba.

Sai wuta. Yawancin irin waɗannan injunan na Ingila layi uku suke ci, bolt 415, shagunanmu kuwa galibi layi ɗaya ne. Lissafa kuɗin na'urar juya wuta daga layi ɗaya zuwa uku tun yanzu, da kuɗin ɗauko injin, don nauyinsa zai iya haura rabin tan.

Tambayi giyoyin yanka tiredi, wato zaren da noti ke hawa a kai, tsofaffi da yawa a inci suke, aikin yau kuma milimita ne. Damshin Legas ma ba ya raga wa ƙarfe, kullum ka shafe gadon da mai. Kuma don Allah, ban da riga mai faɗin hannu a gaban injin, kada kuma ka taɓa barin makulli a bakinsa.